Wasan buɗe kaka: Yadda ake auna ƙungiyar ɗalibai ba tare da an zalunce ta ba

A majalisun Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da shagunan da ke jere a bakin Titin Zariya, ba a ɓata lokaci wajen yanke wa ƙungiyar ƙwallon ƙafa hukunci. Da zarar an tashi daga wasan farko na kaka, magana takan rabu gida biyu: idan an yi nasara, kofi ya kusa zuwa gida; idan an sha kashi, mai horarwa bai san aikinsa ba. Masu wannan ra'ayi kan kafa hujja da cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Irin wannan hukunci ya fi yi wa ƙungiyoyin ɗalibai na jami'o'i da kwalejoji illa. Da sakamakon wasan farko ne wasu hukumomin makarantu ke duba ko za su ci gaba da fitar da kuɗin mota da abinci. Da shi ne ɗan kasuwar da ya saya wa yara riguna da takalma yake shawarar ko zai ƙara. Da shi ne kuma ake ajiye wani matashi a benci, alhali wataƙila wannan gasa ce kaɗai damarsa ta nuna kansa. Don haka yana da muhimmanci a san abin da wasan farko yake iya nunawa, da abin da ba ya iyawa.

Abin da tarihi ya nuna

A gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka, Najeriya ta lallasa Bulgariya da ci 3-0 a wasanta na farko. Amma Italiya ta fitar da Najeriya a zagayen 'yan 16, Bulgariya kuwa ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A watan Janairun 2022 a Garwa ta ƙasar Kamaru, Super Eagles ta doke Masar da ci ɗaya mai ban haushi a wasan farko na gasar cin kofin Afirka, ta kuma cinye sauran wasannin rukuninta biyu. Duk da haka Tunisiya ta kore ta a zagaye na gaba, Masar ce ta je wasan ƙarshe.

Akasin haka ma ya faru. A 2013 a Afirka ta Kudu, tawagar marigayi Stephen Keshi ta fara da canjaras 1-1 da Burkina Faso, aka yi ta sukar ta. Ƙasashen biyu ne suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, inda ƙwallon Sunday Mba ta ba Najeriya kofi. Sifaniya ta sha kashi a hannun Suwizalan a wasanta na farko a 2010, Ajantina kuma ta sha kashi 2-1 a hannun Saudiyya a 2022, kuma kowacce ta ɗauki kofin duniya a shekarar.

Dalilin wannan a bayyane yake. Ƙwallon ƙafa wasa ne da ake cin ƙwallaye kaɗan, galibi biyu zuwa uku a wasa guda. Saboda haka kuskuren mai tsaron raga ɗaya, ko ƙwallon da ta daki turke ta dawo, ya isa ya juya sakamako. Sai an tara wasanni da yawa sa'a take raguwa, ƙwarewa ta fito fili.

Inda ƙungiyar ɗalibai ta bambanta

Idan haka lamarin yake ga ƙwararru, ga ɗalibai ya ninka. Wasannin jami'o'i na NUGA sun faro tun 1966, kwalejojin kimiyya da fasaha na da NIPOGA, kwalejojin ilimi na da NICEGA, a 2018 kuma aka fara gasar ƙwallon ƙafa ta HiFL, wadda Jami'ar Bayero ta shiga da ƙungiyarta mai suna BUK Stallions. Duk ƙungiyoyin da ke fafatawa a waɗannan gasa suna da matsala iri ɗaya: kowace shekara manyan 'yan wasansu na kammala karatu su tafi, kuma mai horarwa ba shi da ikon sayen wani ya cike gurbin. Sai dai ya zaɓa daga cikin waɗanda suka sami gurbin karatu.

Ga kuma jadawalin karatu. Atisaye kan ci karo da lacca da jarrabawa, yajin aiki kuma kan watsa ƙungiya gaba ɗaya, kamar wanda ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022. Ƙungiya irin Kano Pillars takan shiga sansani kafin kaka, ta buga wasannin sada zumunta. Ɗalibai kuwa sau da yawa a wasan farko ne 'yan bayansu huɗu suke fara tsayawa tare a gaban abokin hamayya na gaske.

Abubuwa biyar da ya kamata a duba

Na farko, da wa aka kara, kuma a ina? Cin ƙungiya mai rauni 3-0 a gida bai kai canjaras da ƙungiya mai ƙarfi a waje daraja ba. Mutanen Kano sun san tasirin gida: Kano Pillars ta shafe kimanin shekara 12 ba a doke ta a gida a gasar lig ba, sai a 2015 da Nasarawa United ta karya tarihin. Ɗaliban da suka kwana a mota kafin su shiga fili ba za a auna su da mudu ɗaya da masu masaukinsu ba.

Na biyu, damarmakin da aka samu da waɗanda aka bayar. Masana a Turai na auna kowane hari da yiwuwar ya zama ƙwallo. Bugun fenariti, misali, ana cin kusan uku cikin huɗu, bugun nesa kuwa da wuya yake shiga. Mai kallo ba ya buƙatar kwamfuta: takarda da biro sun isa ya ƙirga sau nawa kowane ɓangare ya buga wa raga daga cikin yadi na 18. Ƙungiyar da ta sami irin wannan dama shida ta ba da biyu, ko an ci ta, tana kan hanya. Wadda ta ci da hari ɗaya tilo, golanta ya yi ta ceton ta, akwai aiki a gabanta.

Na uku, mintuna 20 na ƙarshe. A nan ne ake gane ko an yi atisaye. A Kano zafin Maris da Afrilu kan kai digiri 40, kuma yawancin filayen makarantu ƙasa ce mai tauri. Idan 'yan tsakiya suka daina dawowa taimakon 'yan baya, tazara ta buɗe tsakanin layukan biyu, to matsalar ta numfashi ce, kuma makonni kaɗan na horo kan magance ta. A lura kuma da waɗanda suka shigo canji: tunda yanzu doka ta ba da damar canza 'yan wasa biyar, ƙarfin benci ya zama babban ma'auni.

Na huɗu, halin ƙungiya idan ta rasa ƙwallo, da kuma lokacin bugun kwana da bugun tazara. Shin kowa ya san wanda zai tsare? Shin akwai mai magana yana tsara 'yan baya? Wannan ne ainihin aikin mai horarwa, kuma a nan ya kamata a tuhume shi ko a yaba masa. Ƙwallon da ɗan gaba ya ɓarar shi da gola ba laifin koci ba ne.

Na biyar, ɗa'a. Yadda yara suka yi bayan an zura musu ƙwallo, ko bayan alƙalin wasa ya yanke hukuncin da bai yi musu daɗi ba, shi ne abin da ya fi dawwama har ƙarshen kaka. Ƙungiyar da ta rufar wa alƙali ta kwashi katin gargaɗi a wasan farko, za ta rasa 'yan wasanta a ranar da ta fi buƙatarsu.

Nauyin wasan ya danganta da tsarin gasa

A gasar Firimiyar Najeriya mai ƙungiyoyi 20, kowace ƙungiya na buga wasa 38. Wasan farko maki 3 ne kacal cikin 114, don haka akwai lokacin gyara. Gasar ɗalibai kuwa galibi gajera ce: rukuni mai wasanni kaɗan, ko sili-ɗaya-ƙwale. A irin wannan tsari, shan kashi a ranar farko na iya kawo ƙarshen tafiya. Sai dai tsadar sakamako daban, ingancin ƙungiya daban. Ƙungiya na iya ficewa da wuri alhali tubalinta mai kyau ne, kuma rusa ta a kan hakan asara ce ga shekara mai zuwa.

Ga shugaban makaranta, da jami'in wasanni, da attajirin unguwa mai tallafawa, abin da ya fi dacewa bayan wasan farko shi ne a zauna da mai horarwa a yi masa tambayoyi uku: me ya gani, me zai gyara, kuma me yake buƙata kafin wasa na gaba. Idan aka kai wasa na huɗu ko na biyar kurakuran ranar farko suna nan yadda suke, to a lokacin hukunci ya halatta. Kafin nan, Bahaushe ya riga ya ce wasa farin girki.