Kiɗa ba ya tambayar harshe

A ƙasar Nijar kowace sana'a da nata kiɗa. Manomi in ya ji gangar noma ranar gayya, sai gajiya ta sake shi, ya kama kunya bayan kunya har rana ta faɗi. Mahauci yana da kalangu, maƙeri yana da dundufa. A ƙofar fadar Damagaram kuwa, kakaki da algaita in sun tashi, ko baƙo sai tsikar jikinsa ta tashi.

Abin mamaki shi ne, kunne ba ya tsayawa kan kiɗan gidansu. Bahaushen Maraɗi yakan saurari molon Zabarmawa, ko tenden Buzaye, ya ji zuciyarsa ta yi sanyi alhali bai fahimci ko kalma guda ba. Bukin matasa na ƙasa, wanda aka fara a Damagaram cikin 1976, ya ƙara wannan sabo, domin samariyar kowace jiha takan zo da nata salo.

Amma kiɗa yana mutuwa in babu magaji. Biram, mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale, na masuntan Buduma ne na tafkin Cadi, kuma saura kaɗan ya ɓace. Malam Maman Barka, gwanin gurmi, ya tafi ya zauna gaban Bukar Tar, tsohon da ya rage da saninsa, ya koya, ya kai biram har Turai. Malamin ya rasu cikin 2018.