Injin sassabe na tarakta: kafin a tambayi marka, a tambayi hanyar Dirku

Garin Dirku yana gindin dutsen Kawar, cikin gundumar Bilma ta jahar Agadas, kilomita kamar 45 arewa da garin Bilma. Tsakaninsa da Agadas akwai sama da kilomita 500 na rairayin Tenere, babu kwalta, babu garaji, sai rijiyoyi jefi-jefi irin ta Ashegur. Ruwan saman da yankin ke samu a shekara, idan aka yi matsakaicin lissafi, ba ya kai milimita 20. Wanda bai san wurin ba zai ce maganar tarakta da injin sassabe a nan ɓata baki ne kawai.

Amma fa Dirku gari ne na fatauci. Dabino da kanwa da gishiri suna fita, kayan Libiya suna shigowa, kuma tun da aka gano zinariya a Jado cikin shekarar 2014, kuɗi suka ƙara yawo a hannun mutane. Ɗan kasuwar Sabon Garin Dirku da ya tara jari yakan yi tunanin inda zai zuba shi, ko a gonar dabino a nan Kawar, ko a gonarsa ta gado can kudu. Haka ma'aikacin da aka ɗora wa rubuta takardar sayen kayan aiki na ƙaramar hukuma ko na wani shirin raya karkara. Dukansu tambaya ɗaya suke fara yi: wace marka ce ta fi? To, a wuri mai nisa irin Dirku, wannan tambaya ita ce ta ƙarshe. Akwai uku da suka riga ta: wane aiki za a yi, wace tarakta za ta ja, kuma ta wace hanya kayan gyara za su zo.

Mene ne wannan inji?

Injin sassabe, wanda takardun faransanci ke kira gyrobroyeur, faifan ƙarfe ne mai faɗi da ake ratayawa a bayan tarakta. A ƙarƙashinsa akwai manyan wuƙaƙe, yawanci biyu, masu kauri kamar ƙarfen garma. Ba injinsa gare shi ba. Ƙarfi yana zuwa masa daga sandar da ke juyawa a bayan tarakta, ya bi ta kardan, ya shiga akwatin giya da ke bisa faifan, shi kuma ya juya wuƙaƙen. Gudun bakin wuƙa yana haura kilomita 200 a awa, saboda haka ba kaifi ne ke yanka ba, duka ne. Kowace wuƙa tana lilo a kan bulo guda, yadda in ta ci karo da kututture za ta ja da baya maimakon ta karye. Haki, ƙaya, kara da ƴan itatuwa masu kaurin yatsu biyu ko uku, duk yana rugurguza su ya bar su nan ƙasa.

Aiki kafin marka

Wannan rugurguzawa ita ce amfanin injin, ita ce kuma iyakarsa. A Kawar haki dukiya ne. Tun zamanin da, ayarin gishiri da ke ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma sai ya yanki haki a Abzin ya ɗaure dammuna ya ɗora wa raƙuma, domin babu kiwo a hanya. Wanda yake nufin ya yanki ciyawa a kudu ya kawo ta arewa ya sayar, injin sassabe ba nasa ba ne, domin zai mayar masa da ita dusa, ta cuɗe da ƙasa. Abin da yake bukata shi ne injin yankan ciyawa mai kwantar da ita da tsawonta, da kuma na ɗaure ta.

Gonakin dabinon Kawar ma suna da nasu hali. Dabino da yawa a can ba a ba su ruwa, saiwarsu ce ke kai wa ga ruwan da ke kusa a ƙarƙashin ƙasa, kuma suna tsirowa cunkus, uwa da ƴaƴa a gindi guda. Busasshiyar zarɓa, wato reshen dabino, tana taruwa a gindi, ita ce kuma abincin gobara in ta tashi. Share wannan datti wajibi ne, amma tarakta mai jan faifan mita biyu ba ta da wurin juyawa tsakanin cunkoson, ga rairayi mai laushi da ke cinye ƙafa. A nan adda da gatari sun fi, tare da injin niƙa na zaune wanda ake kai masa zarɓar ya daddatsa ta, a yi taki da ita.

Inda injin sassabe yake da aiki na gaske shi ne kudu da hamada. A yankin makiyaya, wajejen Ingal, Aderbisanat, Abalak, Bermo da Tanut, da zarar damina ta wuce haki ya bushe, sai wutar daji ta kama, kuma kowace shekara akan share hanyoyin tare wuta masu faɗin mita 15 zuwa 20, galibi da hannu. Inji yana rage wahala, amma da sharaɗi: dole a bi bayansa a kwashe abin da ya sare, in ba haka ba an yi wa wuta shimfiɗa ne. A filayen kiwon Maraɗi da Damagaram kuma akwai garmani, tsiron da ya mamaye burtali da makiyaya. Shi ma in za a sare shi da inji, sai kafin ya yi ƴaƴa, domin bayan haka injin shuka shi zai yi.

Inji da tarakta su yi daidai

In aikin ya tabbata, sai a dubi tarakta. Yawancin taraktocin da ke ƙasashenmu sandarsu tana juyi 540 a minti guda, tana da haƙora shida. Akwai manya masu juyi 1000 da haƙora 21. Injin da aka ƙera don 540, in aka ba shi 1000, akwatin giyarsa ba zai daɗe ba, kuma ran mai tuƙi yana cikin haɗari. Sai maratayi mai ƙafa uku, wanda Harry Ferguson ya yi wa rajista a 1926: yana da aji-aji, ƙusoshin ƙasa na aji na ɗaya milimita 22 ne, na aji na biyu 28. Ƙaramin abu ne, amma ya isa ya hana aiki ranar da inji ya iso.

Game da ƙarfi, ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce doki biyar ga kowane santimita 30 na faɗin inji. Ke nan inji mai mita ɗaya da rabi yana son doki 25 ko fiye, mai mita 1,80 kuma doki 30 zuwa sama, a ƙara in dajin mai kauri ne. Faɗin injin ya rufe sawun ƙafafun tarakta. Kuskuren da aka fi yi shi ne na juyin wannan: a sayi ƙaramin inji mai araha wanda akwatin giyarsa na doki 40 ne, a rataya wa tarakta mai doki 75. Ranar da wuƙa ta haɗu da kututture, tarakta ba za ta tsaya ba, akwatin ne zai fashe. Araha ba ta ado.

Tsakanin tarakta da akwatin giya akwai abin kariya iri biyu. Na farko bulo ne mai laushi da aka yi shi don ya karye in duka ya yi yawa. Na biyu kuloci ne mai zamewa. Bulo yana da sauƙin kuɗi, kowa yana iya sauya shi, amma in ya ƙare sai a ga direba ya sa bulo mai tauri ko guntun rodi, daga nan kariya ta tafi. Kuloci ba ya ƙarewa da wuri, sai dai in inji ya yi watanni a ajiye faifansa kan manne, dole a sassauta shi a gwada kafin kowace kaka.

Markoki da hanyoyinsu

Yanzu aka zo ga marka. Daga Amurka akwai Bush Hog, wanda aka fara ƙerawa a garin Selma na jahar Alabama a 1951, har sunansa ya zama sunan injin baki ɗaya a can. Akwai Woods da Land Pride. Daga Faransa akwai Kuhn na garin Saverne, gidan da ya faro tun 1828. Daga Indiya akwai Fieldking da Shaktiman, daga Barazil akwai Baldan, ga kuma na Sin masu sunaye barkatai, wasu ma babu suna. Na Amurka da na Turai sun yi suna wajen ƙarko, na Indiya da na Sin wajen sauƙin farashi. Sai dai kusan kowane babban gida yana ƙera mai nauyi da marar nauyi, saboda haka sunan da ke jikin fenti ba ya faɗin kaurin ƙarfe. Faifan milimita 3 da na milimita 6 suna iya fitowa daga masana'anta guda.

Abin da ya kamata mutumin Dirku ya auna shi ne tafiyar wuƙa guda daga masana'anta zuwa ƙofarsa. Kayan da suka sauka a bakin teku sai sun yi sama da kilomita 1000 kafin Yamai, sannan kamar 950 zuwa Agadas, sannan Tenere. A shekarun 2010 ayarin motocin da sojoji ke rakiya ranar Litinin yake tashi daga Agadas, wanda ya rasa shi sai wani mako. Hanyoyin ma ba su da tabbas: da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da ke bin Kwatano sun koma Lome, su ratso Burkina Faso, kwanaki da kuɗin mota suka ƙaru. Tsofaffin ƴan kasuwa kuma ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa, farashin duk wani kayan gyara na Faransa ya ninka cikin dare guda.

Saboda haka hanyoyi biyu na kusa sun cancanci a dube su. Ta kudu akwai Kano, inda dillalan taraktoci da kayan gyaransu suke da yawa, kaya su bi Damagaram su hau Agadas. Ta arewa akwai Sabha da Gatrun, kuma Libiya ta daɗe da sanin Massey Ferguson, domin an haɗa taraktocinsa a Tajura kusa da Tarabulus. Markar da makanikan Agadas suka saba kwancewa, wadda wuƙarta da rulmanta, wato boris, suke kan kanta a Kano ko a Sabha, ta fi shahararriyar marka wadda sai an aika Turai. Ga faifai da maratayi kuwa, masu walda na gida suna iya gyara su, kuma ƙasar nan ta san wuraren ƙera kayan noma irin su ACREMA a Tawa da UCOMA a Damagaram. Akwatin giya ne kaɗai ba a ƙera shi a maƙera, don haka a kansa ciniki ya kamata ya tsaya.

Abin da rairayi ke ci

An ƙera waɗannan injuna ne don ƙasashe masu laima. A nan rairayi yana gogar wuƙa kamar dutsen wasa, yana shiga zoben robar da ke tare mai a ƙarƙashin akwatin giya, man ya tsiyaye ba a sani ba, haƙora su ci juna. Dubin mai kowace safiya da sa giris a kardan sun fi kowace takardar garanti. A ɗaga injin kaɗan kada ya riƙa sharar ƙasa. In za a sauya wuƙa, a sauya biyun tare, domin in ɗaya ta fi ɗaya nauyi girgiza za ta kashe rulma. Mai hankali yana sayen inji tare da wuƙaƙe jeri biyu, da buloli, da zoben roba, duk a mota guda.

Akwai kuma maganar rai. Juyi 540 a minti juyi tara ne a daƙiƙa guda. Babbar riga ko jelar rawani in ta taɓa kardan marar murfi, kafin a kashe inji aikin gama ya gama. Wuƙa tana iya jefa dutse kusan mita 100, yara kuwa ba sa ganin tarakta su ƙi taruwa. In ƙarfe ya bugi dutse cikin busasshen haki, tartsatsi guda ya isa, wanda ya zo tare wuta sai ya zama shi ya kunna ta.

Kuɗin jama'a

Ɗan kasuwa in ya yi kuskure aljihunsa ne ke kuka. Ma'aikaci in ya yi kuskure, harajin talakawa ne ke tsatsa a bayan ofis, kuma ba a rasa irin waɗannan gawarwakin injuna a harabar ma'aikatu. Takardar neman masu kawo kaya bai kamata ta tsaya ga cewa injin sassabe guda ɗaya ba. Ta faɗi faɗinsa, da ƙarfin akwatin giya, da kaurin faifai, da juyin sanda, da ajin maratayi, da irin abin kariya. Ta tilasta kayan gyara na shekara biyu, da littafin inji cikin faransanci, da horon direba. Kada a sa hannu a takardar karɓa sai an rataya injin a taraktar da za ta ja shi, an gwada shi a fili gaban shaidu. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, dubu ba ta fid da shi.

Wanda zai saya, ya fara zuwa garaji kafin kanti. Ya tambayi makanike wane akwatin giya ya taɓa buɗewa, ya tambayi direban babbar mota kwana nawa wuƙa za ta yi daga Kano ko daga Sabha. Markar da amsoshin nan biyu suka haɗu a kanta, ita ce tasa.