Ciwon Maƙoƙo: Wurin Wane Likita Za Mu?

A gaban wuyan kowane mutum akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, wadda likitoci suke kira tayirod. Ita ce take daidaita bugun zuciya da ɗumin jiki da kuzari. Sa'ad da ta kumbura, shi ne muke ce wa maƙoƙo. Rashin aidin cikin abinci babban sanadi ne, domin wannan aka wajabta sa aidin cikin gishiri a Nijeriya a 1993. Amma takan lalace ko babu kumburi, kuma mata sun fi maza kamuwa.

In aikinta ya yi rauni, mutum yakan ji kasala da sanyi, yana ta ƙiba. In aikin ya yi yawa, sai rama, da zufa, da rawar hannu, da faɗuwar gaba. To, ina za mu kai mai ciwon? Asibitin da ke kusa, ko babban asibiti?

Shawararmu ita ce a fara da likitan da ke kusa, gama mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo. Shi zai sa a yi gwajin jini da ake kira TSH. In rauni ne kawai, zai iya lura da shi da kansa. Maganin ƙwaya ɗaya ce, tayiroksin, kowace safiya kafin karin kumallo. Bayan mako 6 zuwa 8 a sake gwaji, in ya daidaita kuwa, sau ɗaya a shekara ya isa. Yawanci shan maganin nan na muddin rai ne, kada a daina don an ji sauƙi. Babu dalilin da magidanci zai sayar da hatsinsa don kuɗin mota zuwa birni saboda wannan.

Amma akwai lokacin da jinkiri hatsari ne. A nemi ƙwararre in mai ciwon mace ce mai ciki, ko yaro ne. In idanu sun firfito. In aikin tsokar ya yi yawa. In kumburin yana da tauri ko yana girma da sauri. Ko in murya ta dushe, haɗiya ko numfashi ya yi wuya. Ana samun irin waɗannan likitoci a asibitocin koyarwa, kamar na Shika kusa da Zariya, da na Jos, da na Aminu Kano a Kano.

A tafi da takarda daga likitan gida, da sakamakon gwaji, da magungunan da ake sha. In an dawo, a koma wurinsa da bayanin ƙwararren, gama shi ne zai ci gaba da lura. 'Yan'uwa, kada mu yarda a tsaga maƙoƙo da aska a gida. Manyan jijiyoyin jini suna nan kusa.