Na Ɗanɗana Boga A Birnin Kano

Kwanakin baya aiki ya kai ni wata makarantar firamare a cikin birni, ba nisa da Kasuwar Kurmi, don in duba wani ɗalibinmu na kwalejin horon malamai wanda aka tura gwajin koyarwa. Darasin ran nan a kan abinci mai gina jiki ne. Yaron ya yi shiri, ba laifi. Da ya gama gabatarwa sai ya ɗauki alli ya zana wani abu a allo, kamar ƙwarya biyu an kifa ɗaya bisa ɗaya, da nama a tsakani, ya ce wa yara wannan shi ne boga, abincin mutanen da suka ci gaba. Na tambayi ajin ko da wanda ya taɓa cin sa. Yara biyu suka ɗaga hannu, ɗayan ma daga gani gudun raini ne ya sa shi. Bayan an tashi na tambayi malamin, ashe shi ma a littafi ya gani, sai kuwa a waya. Ban yi masa faɗa ba, gama ni da na zo duba shi haka nake. Na ce a raina, to, gani ya kori ji, ba zan sa masa maki ba sai na ci abin nan da bakina.

Kafin in faɗi yadda muka ƙare da shi, ya kamata masu karatu su san asalinsa. Cikakken sunansa hamboga, daga sunan Hambug, babbar tashar jiragen ruwa ta Jamus. Waɗansu mutanenmu suna ƙyamar sunan domin farkonsa ya yi kama da kalmar da Ingilishi ke kiran cinyar alade, amma dacewar lafazi ce kawai, naman sa ne asalinsa. A Amurka ya girma. A 1921 wani kamfani mai suna White Castle ya soma sayar da shi a garin Wichita, guda sent 5. A 1948 waɗansu 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka sake tsarin shagonsu a Kalifoniya yadda za a sallami mai saye nan take, guda sent 15, sa'an nan Ray Kroc ya karɓi tsarin ya fara yaɗa shi a 1955. Watau a ƙasarsa abincin lebura ne da direba da ɗan makaranta, wanda ke sauri kuma aljihunsa ba nauyi. A Nijeriya kuwa kamfanin UAC ya buɗe Mr Bigg's a Legas a 1986, Burger King bai iso Legas ba sai 2021.

Gidajen da suka yi suna da wannan abinci a Kano galibinsu a wajen ganuwa suke. Sai mutum ya hau adaidaita sahu ya fita ta Ƙofar Nasarawa ko Ƙofar Ɗan Agundi, ya nufi unguwar Nasarawa ko Titin Gidan Zu ko Bompai. Na ziyarci uku cikin mako uku, ba kuwa zan ambaci sunansu ba, don ba ƙarar kowa na kawo ba.

Lalle wuraren suna da tsabta, ga sanyi, ga fitilu, ga yara masu ladabi sanye da tufafi iri ɗaya. A bango an kafa hoton boga mai tsawo kamar hular sarauta, nama na ƙyalli, ganye shar. Abin da aka miƙo mini a takarda kuwa bai kai rabin na hoton ba. A gida na farko naman ya bushe har gefensa ya yi baƙi, in ba don miyar tumatir mai zaƙi da wani farin maiƙo da aka lafta masa ba, da sai da ruwa zai wuce. A na biyu naman ya yi laushi ƙwarai, amma laushin da bai kwanta mini ba, domin harshe ya shaida an haɗa shi da garin burodi don ya yi auki. Na ukun ya fi su, mai dafawar ya san wuta, sai dai burodin zaƙinsa ya kusa na alkaki, kuma kafin in kai rabi ya jiƙe ya narke a hannuna. Ko ɗaya bai ɓata mini ciki ba, ko ɗaya kuma ban tashi ina marmarin komawa ba.

Na yi ta tunanin dalili, domin ba na tsammanin ƙeta ce ko rashin hannu. Boga na kirki yana bukatar niƙaƙƙen nama wanda kamar kashi ɗaya cikin biyar nasa kitse ne, a gasa shi da ɗanyensa a kan ƙarfe mai zafi cikin ɗan lokaci. Shanunmu kuwa, Bunaji da Bokolo da Rahaji, masu tafiyar kiwo ne, tsokarsu tauri gare ta, kitsensu kaɗan. Irin wannan nama shi ya dace a yanka shi falle-falle a shafa masa mai da ƙuli-ƙuli a jera a tsinke gefen wuta, ko a shanya shi a yi kilishi, ko a dafa a daka a yi dambu. Mahautanmu ba da ka suka gano wannan ba. In aka niƙa shi aka ajiye a firji, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas, dole mai dafawa ya ji tsoro ya gasa shi har ya mutu, niƙaƙƙen nama kuwa ya fi gunduwa saurin lalacewa. Sa'an nan babu yaji. Bakin da ya tashi da citta da masoro da kanumfari da kimba, yaya gishiri kaɗai zai burge shi?

Ran da na fito daga gida na uku sai na biya ta Jakara da la'asar, na sayi gurasa, aka yayyafa mata ruwa, aka barbaɗa garin ƙuli-ƙuli, aka zuba man gyaɗa da albasa da tumatir, watau bandashe, na haɗa da tsire mai zafi. Ina ci ina dariyar kaina. Ashe burodi da nama da ganye, wanda ɗalibina ya zana a allo da sunan ci gaba, yana bayan makarantar da yake koyarwa. Gurasa dai Larabawa fatake ne suka kawo ta, sunanta ma daga Larabci yake, haka nan tanderun da ake gasa ta. Irin waɗannan baƙi na Gadamas da Tarabulus su ne suka zauna a Dandalin Turawa, gama a da can Balarabe ake kira Bature, kusa da kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa. Watau ita ma baƙuwa ce. Amma ta zauna ta koyi gyaɗa da yaji, ta zama 'yar gari. Wannan ne bogan bai yi ba tukuna, yana nan yana kwaikwayon hoton da ke bango.

Sai maganar kuɗi, wadda ta fi shafar akawu da malamin makaranta. A 2024 gwamnatin tarayya ta sa mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, ta Kano ta sa 71,000. In aka raba wannan kwana 30, yini bai cika Naira 2,400 ba. Abin da na biya a gida na biyu, boga guda da lemon kwalba, ya haura ladan yini biyu na mai wannan albashi. Kuɗin sanyin ɗakin da man janareta da hayar wuri duk suna cikin wannan loma. Kada kuma a ɗauka gurasa tana cikin daɗi. Alkamar da muke ci mafi yawanta daga waje take zuwa, duk da noman rani da ake yi a Kadawa da ruwan madatsar Tiga, kuma tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022 fulawa ta yi tashin gwauron zabo, har a watan Fabrairu na 2024 mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano kan tsadarta. Waɗannan mata 'ya'yansu ne ke zaune a ajin da aka ce musu abincin masu ci gaba yana can wajen ganuwa.

Mako na gaba na koma makarantar, na ce wa ɗalibin ya sake darasin, amma a wannan karo ya zo da gurasa da tsire da albasa a faranti, ya nuna wa yara wanda ke ba da ƙarfi, da wanda ke gina tsoka, da wanda ke kare jiki daga cuta. Boga kuwa ya ambace shi a matsayin yadda mutanen wata ƙasa ke haɗa nasu. Da ya tambayi yadda ake kwaɓa gurasa, wata yarinya a layin baya, wadda a makon jiya ba ta ce uffan ba, ta miƙe ta yi bayani tun daga kwaɓi da barin ƙullu ya tashi har manna shi a jikin tanderu, har ta gyara wa malamin nata wuri biyu. Na ba shi makinsa, na kuma ce in albashinsa na farko ya fito ya je ya ɗanɗana bogan sau ɗaya, ya zo ya gaya mini yadda ya ji.