Aikin Manajan Ƙungiya Sana'a Ce, Koyonta A Ke Yi

Cikin zagayen da mu ke yi wurin ƙungiyoyin manoma, kuka iri biyu mu kan ji kusan ko'ina. Dattawa su kan ce, "Mun tara kuɗi, mun sayi taki, amma ba mu da mai riƙe mana littafi." Samari da 'yan mata da suka gama sakandare kuwa su kan ce, "Babu aiki a ƙauye, sai mu tafi Jos ko Kaduna mu nema." In aka duba da kyau, maganin kukan nan ɗaya yana hannun ɗayan. Ƙungiya tana neman ma'aikaci, yaro yana neman aiki, suna kwana gari ɗaya, amma ba su sadu ba.

Dalili kuwa shi ne, ba a cika ɗaukan aikin gudanar da ƙungiya a kan sana'a ba. Ranar zaɓe sai a dubi wanda ya fi iya karatu, a ce, "Kai ne sakatare," a danƙa masa littafi da akwatin kuɗi, shi ke nan. Ba wanda zai ba mutum garmar shanu ran da ya fara ganinta, ya ce ya huɗe masa gona. Amma kuɗin mutum hamsin, guminsu na shekara, a kan sa shi a hannun wanda bai taɓa koyon riƙonsa ba. In ya salwanta sai a ce ɓarawo ne, alhali sau da yawa rashin sani ne kurum. Ko da wanne ne dai, gwauruwar da ta sayar da akuyarta ta sayi hannun jari ba za ta sake yarda da wata ƙungiya ba.

Shugaba daban, manaja daban

Bari mu ɗauko misali daga ƙasar Indiya. A shekara ta 1946 masu shanu na gundumar Kaira, wadda ke cikin jihar Gujarat a yau, suka gaji da masu sayen madararsu da arha. Suka kafa ƙungiyar gama kai a garin Anand, suka sa wani mutuminsu, Tribhuvandas Patel, ya shugabance su. A 1949 gwamnati ta aiko wani saurayi injiniya, Verghese Kurien, ya yi aiki a wani gidan sarrafa madara nata a garin. Zaman wurin bai yi masa daɗi ba. Yana shirin tafiya, Patel ya roƙe shi ya tsaya ya taimake su da injuna. Ya tsaya, har ya zama manajan ƙungiyar, wadda a ke sayar da kayanta da sunan Amul. A kowane ƙauye a kan karɓi madara safe da yamma, a auna yawan man da ke cikinta, a rubuta, a biya mai ita bisa ga awon. A 1965 aka ɗora Kurien a kan hukumar bunƙasa harkar madara ta ƙasar duka, kafin shekara ta 2000 kuwa Indiya ta fi kowace ƙasa a duniya samar da madara.

Abin lura a nan shi ne, Patel zaɓarsa aka yi, Kurien kuwa ɗaukarsa aiki aka yi. Shugaba da kwamiti su ne bakin 'yan ƙungiya, su ke faɗin abin da za a yi. Manaja shi ne ya san yadda za a yi shi, ya kuma kawo musu lissafi. Mutanen Anand sun ga cewa in babu ƙwararrun manajoji aikin ba zai yaɗu ba, saboda haka a 1979 aka buɗe makaranta musamman a garin domin horad da su.

Matakin farko: littafi

Ɗan'uwa saurayi, 'yar'uwa budurwa, in kana sha'awar aikin nan, kada ka jira a ba ka ofis. Je wurin sakataren ƙungiyarku ka ce kana so ka taimake shi. Littattafai huɗu za ka fara koya: rajistar 'yan ƙungiya da hannun jarin kowa, littafin kuɗin da ya shiga da wanda ya fita, littafin sito, da littafin rubuta abin da aka yanke a taro. Dokokinsu ba su da yawa. Kowane kwabo ya shiga, a ba da rasit. Kowane kwabo zai fita, sai mutum biyu sun sa hannu. A rufe lissafi ranar da aka yi ciniki, ba gobe ba. Ƙarshen wata a gwada littafi da takardar banki. Kuɗin da a ke turowa ta waya kuwa, asusun ƙungiya zai shiga, ba asusun sakatare ba, ko da na kwana ɗaya ne. Wanda ya yi shekara biyu yana wannan, littafinsa bai taɓa saɓawa da akwati ba, ya sami shaidar da ta fi kowace takarda.

Mataki na biyu: ciniki

Rubutu kaɗai bai isa ba, sai an iya lissafin riba da asara tun kafin a fitad da kuɗi. A ce ƙungiya ta ci bashin banki ta sayi masara buhu 100 da kaka, kowane buhu naira 100. Mun sa 100 ne domin sauƙin lissafi. Da damina ta faɗi, buhu ya kai 130. Wanda bai koya ba zai ce an ci ribar naira 3,000. Manaja kuwa zai ce a dakata. Kuɗin buhuna da dako 500. Hayar sito da maganin ƙwari 600. Ruwan bashi 1,200. Watau an kashe 12,300. Masara kuma ta ƙara bushewa, ɓera ya ci nasa, buhu 100 ya koma 96, aka sayar a kan 12,480. Riba ta gaskiya naira 180 ce. Da farashi ya tsaya a 125, da ƙungiya ta yi asarar 300. Farashi ma ba kullum ya ke hawa ba, gama a 2025 na masara ya faɗi ƙwarai a Nijeriya, masu ajiya da yawa suka ji jiki. Manajan da ya iya shimfiɗa lissafin nan a gaban kwamiti kafin a saya, ya riga ya biya albashinsa.

Mataki na uku: mutane

Wannan shi ne mafi wuya. Ran da ƙanen shugaba ya zo neman taki bashi, bai biya na bara ba, tilas manaja ya iya cewa a'a da ladabi, ya nuna masa abin da dokar ƙungiya ta ce. Tilas ya iya karanta lissafin shekara a gaban taro da harshen da tsohuwa za ta gane, ya amsa tambaya ba tare da fushi ba. Ya kuma san dokar ƙasa. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta farko a Nijeriya an yi ta a 1935, bayan rahoton da wani Bature, C. F. Strickland, ya rubuta a 1934. Ta tarayya wadda aka yi a 1993 ta ce mutum goma suna iya kafa ƙungiya su yi mata rajista, a binciki littattafanta kowace shekara, a kuma ware kashi ɗaya cikin huɗu na riba a asusun ajiya kafin a raba saura.

Ina za a yi karatu?

Akwai Kwalejin Gama Kai ta Tarayya a Kaduna, da Ibadan, da Oji River ta jihar Enugu. Ana yin difloma cikin shekara biyu, a fita aikin gwaji na shekara guda, a komo a yi babbar difloma shekara biyu. Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Awka tana ba da digiri a fannin nan. Wanda bai sami halin zuwa ba, ya nemi jami'in gama kai na ƙaramar hukumarsu ya tambaye shi labarin gajerun kwasakwasai. Shawararmu ita ce, a taɓa aikin tukuna kafin a tafi makaranta. Wanda ya taɓa kwana yana neman inda naira ɗari ta shige cikin littafi, shi ke gane abin da malami ke faɗi.

Hanya tana ci gaba

Daga ƙungiyar ƙauye a kan hau zuwa haɗaɗɗiyar ƙungiya ta ƙaramar hukuma ko ta jiha, inda a ke da akawu da mai sito da direba, manaja yana bisansu. Daga nan akwai asibitoci da makarantu na ekklesiya, da ƙungiyoyi masu zaman kansu na aikin raya karkara, duk suna neman wanda ya iya tsara kasafin kuɗi, ya rubuta rahoto da Turanci mai kyau, ya yi lissafi a kwamfuta. Sai dai mu yi gargaɗi. Yawancin aikin da a ke biya da kuɗin taimako daga waje, na kwantaragi ne, shekara ɗaya ko biyu. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da taimako, USAID, ma'aikata da yawa a ƙasashen Afirka suka wayi gari ba aiki. Wanda ya iya tafiyad da ƙungiyar da ke ci da kanta daga cinikinta, ba zai rasa inda zai koma ba.

Abin da ke wuyan ƙungiya

'Yan'uwa dattawa, saura naku. Aikin kyauta yana da iyaka. Yaron da ke riƙe da kuɗin gari, ba shi da na sabulu, an sa shi cikin jaraba. Ku yanka masa albashi ko da kaɗan ne, ku rubuta aikinsa da hakkinsa a takarda, ku sa hannu. Ku bar mai binciken kuɗi ya duba littafinsa kowace shekara, gama binciken nan shi ke wanke mai gaskiya daga zargi. In riba ta samu, ku ware wani abu domin aika shi kwas, da sharaɗin zai komo ya yi muku aiki na wasu shekaru. Kada kuma ku manta da 'yan mata. Duk wanda ya ga yadda mata su ke riƙon kuɗin adashi ya san ba su kasa kowa ba.

A babban taronku mai zuwa, ku sa maganar nan cikin abubuwan da za a tattauna. Ku zaɓi saurayi ɗaya da budurwa ɗaya su zauna kusa da sakatare tun daga bana, su koyi littafi tun yana nan da ƙarfinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.