An koma gida, amma hankalin matasan Sinja bai kwanta ba

A ranar 23 ga Nuwamba, 2024, sojojin Sudan suka ƙwato Sinja, babban birnin jihar Sinnar, daga hannun dakarun RSF da suka mamaye ta tun ƙarshen Yuni. Jama'a sun soma komawa gidajensu. Sai dai komawa gida daban, kwanciyar hankali daban.

Ga Hausawan yankin, ba wannan ne gudun farko ba. Rikicin Damazin da Rusairis a watan Yulin 2022, da na Wad al-Mahi a Oktoba, ya raba dubban mutane da muhallansu. Sannan yaƙin 15 ga Afrilu, 2023 ya rufe makarantu, har ɗaliban da ya kamata su zauna jarrabawar kammala sakandare a 2023 sai a ƙarshen 2024 suka samu damar zama.

Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 sun nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan yaƙi yana fama da matsalar ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa ko fargaba. A 2010, masu bincike Kenneth Miller da Andrew Rasmussen sun ja hankali cewa ba abin da mutum ya gani a yaƙi kaɗai ke cinsa ba. Yunwa, cunkoso a gidan dangi da zaman kashe wando su ma suna da babban kaso. Wato saurayin da bai ga gawa ba, amma ya shekara ba makaranta ba sana'a, shi ma yana cikin hatsari.

To mene ne abin yi? Tun 1984 Richard Lazarus da Susan Folkman suka kasa dabarun jure damuwa gida biyu: tunkarar matsalar kanta, da lallashin zuciya. Abin da ake iya gyarawa, a tashi a gyara. Wanda ya fi ƙarfin mutum, sai haƙuri, addu'a da hira da makusanta. Kenneth Pargament ya gano cewa mai ganin Allah yana tare da shi ya fi samun sauƙi a kan mai ganin an yashe shi ko ana azabtar da shi.

Sudan ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Likitan ƙwaƙwalwa Tijani al-Mahi ya daɗe da nuna amfanin haɗa kai tsakanin asibiti da malamai masu ba da taimako. Gayya, wadda ake kira nafir a can, da takaya, inda ake dafa wa unguwa abinci, suna ba matashi aikin yi da jin cewa yana da amfani.

Saura iyaye. In yaro ya daina barci, ya ƙi abinci, ya guji abokai na tsawon makonni, kada a tsaya ga cewa "ai namiji ne, ya daure". A zauna da shi, a saurare shi, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya. In har ya ambaci son mutuwa, kada a bar shi shi kaɗai, kuma kada a jira gobe.