Daga Shagon Littattafai Zuwa Tsakar Gida

Gaisuwa ta musamman gare ku matan Lafagu da Gante, da na Bagudo, Illo, Lolo, Tsamiya, Ka'oje da Zagga, har da 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka a ƙasar Benin da suke jin mu.

Yau za mu yi magana ne a kan wani wuri da yawancinmu ba mu taɓa taka ƙafa cikinsa ba, amma kuma kuɗinmu ne suka daɗe suna riƙe da shi. Wannan wuri shi ne shagon sayar da littattafai. Za mu ji yadda sabon littafi yake fitowa, da irin tarukan da ake yi a kansa, sannan mu duba yadda mace tana cikin ɗakinta za ta samu rabonta, ba tare da ta saɓa wa dokar gidanta ba.

To, bari mu fara da tushe. A da, kamfani ne ko hukuma ke buga littafin Hausa. A 1933 aka yi gasar rubutu wadda ta haifar da su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma duk marubutan maza ne. Sai a 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwahid, wanda ake lissafa shi a matsayin littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Ku duba tsawon shekarun da aka ɗauka kafin a ji muryar mace a wannan fage.

Bayan haka tattalin arzikin ƙasa ya shiga wani hali, musamman daga 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja baya da buga labarai. A daidai lokacin kuma masu iya karatun boko sun ƙaru, domin makarantun firamare sun yawaita, ga azuzuwan yaƙi da jahilci, irin waɗanda jihar Kano ta kafa wa hukuma tun 1980. Ga masu karatu, babu abin karantawa. Nan ne marubuta suka ce bari su yi da kansu. Mutum ya rubuta labarinsa, ya kai a buga masa a keken rubutu, ya tara kuɗi ya kai maɗaba'a, sannan ya ɗauko ya kai wa mai shago.

Masu shagunan nan 'yan kasuwa ne masu zaman kansu, ba na gwamnati ba, ba kuma reshen wani babban kamfani ba. A Kano, a shekarun 1990, an san irin su Sauƙi Bookshop da Garba Mohammed Bookshop a kasuwar Sabon Gari, da City Bookshop ta Jakara. Aikinsu ya wuce miƙo littafi a karɓi kuɗi. Wani lokaci mai shago ne yake ba marubuci kuɗin bugu, ko ya saye kwafen gaba ɗaya. Shi ne yake gaya wa marubuciya abin da masu saye suke tambaya. A bakin shagonsa marubuta suke haɗuwa su yi hira, sabon shiga ya ga na gaba da shi ya nemi shawara. Daga nan kuma 'yan sari suke ɗaukar kwali-kwali su nufi Katsina, Gusau, Sakkwato, Birnin Kabi, har Jamhuriyar Nijar. Daga babban gari littafi ya gangaro kasuwar mako, ya zauna a kan tabarmar mai sayar da Ƙawa'idi da Ahalari, ko a teburin mai kayan makaranta.

Ta wannan hanya aka san Ado Ahmad Gidan Dabino da littafinsa In Da So Da Ƙauna, aka san Hajiya Bilkisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa, aka san Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Ita Hajiya Balaraba an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tun tana ƙaramar yarinya, daga baya ta koma karatun manya. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, an fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga shi a 2012. Kun ji fa, matar da karatunta ya yanke tun da wuri, ga rubutunta ya ƙetare teku.

To, su wa suke sayen littattafan nan? Kowa ya san amsa: akasari mu ne mata. Uwargida ta ƙulla kuɗin ƙuli-ƙulinta ko na kitso a bakin zane, ta aiki yaro ko ta ba maigida saƙo ranar kasuwa. Wadda ba ta da na saye ta karɓi haya a wurin wata maƙwabciya mai tara littattafai, ta karanta kwana ɗaya ko biyu ta mayar. Littafi guda sai ya zaga gida goma kafin bangonsa ya cire. Masu shago da marubuta sun san haka sarai. Shi ya sa suke raba labari kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, don kuɗin kowane kashi ya zo daidai ƙarfin mai saye, kuma a yanke labarin daidai inda rai zai biya. Shi ya sa kuma a shafukan ƙarshe ake jera sunayen littattafan da ke nan tafe, da garuruwan da za a same su, da adireshin marubuciya. Mata da yawa daga cikin ɗaki suka riƙa aika wasiƙa, wata ta yaba, wata ta yi gyara, wata ta ba da labarin abin da ya same ta. Ashe kenan tun tuni muna cikin taron, ko da ba a ga fuskarmu ba.

Yanzu bari mu zo kan tarukan. Wanda aka fi ji shi ne bikin ƙaddamar da littafi. Idan sabon littafi ya fito, sai a sa rana a gayyaci jama'a. Akwai shugaban taro, akwai mai sharhi, wato masanin da ya karanta littafin tun kafin ranar, zai tashi ya faɗi abin da ya ƙunsa, da inda ya yi kyau, da inda ya gaza. Sannan babban mai ƙaddamarwa ya sayi kwafe da kuɗin da ya fi farashinsa nesa ba kusa ba, sauran baƙi su biyo baya. Hikimar ita ce marubuci ya mayar da kuɗin bugu, jama'a kuma su san littafin ya shigo kasuwa. Akwai kuma zaman karatu, inda marubuci zai karanta wani yanki na aikinsa a gaban 'yan uwansa, su yi masa tambayoyi da gyara. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama a Kano sun taso ne don marubuta su taimaki juna, daga baya mata ma suka kafa nasu, irin su Kallabi da Mace Mutum. A 2021 kuma aka fara wani bikin baje kolin littattafai da fasahar Hausa a Kaduna.

Ba za mu ɓoye ba, littattafan nan sun sha suka. Iyaye da malamai da dama sun yi kukan cewa wasu suna ɓata tarbiyya, suna ɗauke hankalin 'yan mata daga karatu. A 2007 har an ƙona wasu a bainar jama'a a Kano, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, sannan hukumar tace fina-finai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Marubuta kuma suka ce a daina yi musu kuɗin goro, domin a cikinsu akwai masu faɗakarwa a kan auren dole, da sakin wulaƙanci, da zaman kishi, da ilimin 'ya mace. Gaskiyar magana, kasuwa ce, akwai tsaba akwai tsakuwa. Mai hankali takan tsince kafin ta zuba a tukunya.

Yau kuma zamani ya juya. Wayar hannu ta shigo, labarai da yawa sun koma WhatsApp da Facebook da manhajojin karatu, wasu kuma ana saurarensu a rediyo ko a katin waya. Cinikin littafin takarda ya ja baya ƙwarai. Waya tana da amfaninta, ba mu musa ba. Amma ku lura da abu biyu. Na farko, rubutun da ake sakewa a waya sau da yawa babu wanda ya duba shi kafin ya fito, kuma yana isa hannun yarinya ba tare da uwa ta gani ba. Na biyu, mu nan bakin iyaka mun san halin caji da na sabis, kuma ba kowace mace ce take da babbar waya ba. Littafin takarda kuwa ba ya neman caji, ana gani a san abin da 'ya take karantawa, kuma yana nan har jikoki. Idan mai tabarmar littattafai na kasuwarmu ya ga babu ciniki ya koma sayar da wani abu, mu ne za mu fi kowa asara, tunda namiji yana iya hawa mota ya je Birnin Kabi ko Sakkwato ya sayo.

To, ina mafita? Mafitar tana cikin tarihinmu. Ƙaramar hukumar Bagudo tana cikin masarautar Gwandu, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. 'Yar wansa, Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Da ta ga matan aure na ƙauyuka ba za su iya zuwa wurinta ba, sai ta zaɓi dattawan mata amintattu, ana kiran kowace jaji, ta naɗa musu malfa. Su suke zuwa su koyo, su koma su koyar da mata a cikin gidajensu. Su ne 'Yan Taru. Wato idan mace ba ta je wurin ilimi ba, sai a ɗauko ilimin a kai mata. Wannan dabara har gobe tana aiki.

Ga yadda za mu yi. Mata biyar ko shida na gida ɗaya ko maƙwabta, kowace da iznin maigidanta, ku yi ɗan adashin littafi. Abin da ya sawwaƙa, ko na cefanen gishiri ne, a tara. Ku nemi jajinku, wata dattijuwa ko dillaliyar da take shiga gidajenku, ko wani ɗa mai hankali. Ranar kasuwa ta tambayi mai littattafai: me ya fito sabo? Wa ya rubuta? Kashi nawa ne, kuma duk sun fito? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci, don kada ku sayi na ɗaya ku yi ta jiran na biyu shekara da shekaru. Idan ba shi da abin da kuke so, a rubuta masa suna a takarda, ya sa a cikin sarinsa na gaba. Ɗan kasuwa in ya san akwai masu jira, zai kawo.

Idan littafi ya iso, ku yi naku bikin. Bayan an gama aikin rana, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Babba a cikinku ta fara dubawa, in bai dace da kunnen yara ba a sallame su, in bai dace da kowa ba a mayar wa mai shi a gaya masa dalili. Wadda ta iya boko ta karanta da ƙarfi, shafi goma ko sha biyar sun isa zama ɗaya. Yarinyar da ke makaranta ma a ba ta ta karanta, bakinta zai faɗa, ke kuma uwa ki ji inda karatunta ya kai. Wadda Dandanci ko Zabarmanci ko Fulatanci ya fi ƙarfi a bakinta, a tsaya a fassara mata. Sannan kowace ta zama mai sharhi: me matar cikin labarin nan ta yi daidai? Ina ta yi kuskure? Da ni ce, yaya zan yi? Sau da yawa abin da mace take jin nauyin faɗa a kan kanta, takan iya faɗarsa a kan matar cikin littafi, ta samu shawara ba tare da asirinta ya tonu ba.

Kada kuma a tsaya a kan labaran soyayya kaɗai. A sa a kawo na addini, na tarihi, na girke-girke, na kiwon lafiyar mai ciki da jariri, da ƙananan littattafan koyon karatu don wadda take son farawa. A ajiye su a cikin kwalla ko akwatin ƙarfe saboda gara da laimar damina. A samu ɗan littafin rubutu a riƙa sa sunan wadda ta ara da ranar da za ta mayar, don aro ba ya zama kyauta.

Ke kuma da kike jin akwai labari a ranki, sayi littafin rubutu da biro ki fara. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata domin mata, Aisha Muhammad Sabitu ta zo ta ɗaya da labarinta Sansani, a kan mutanen da rikici ya raba da gidajensu. Rayuwar bakin Kwara, da ta masunta da manoman shinkafa, da auren da ake ƙullawa tsakanin nan da ƙetare, ba wanda zai rubuta su kamar wadda ta tashi a ciki.

'Yan uwa, a nan za mu dakata. Kasuwa mai zuwa, idan ana lissafin gishiri da daddawa da sabulu, a tuna a sa littafi ɗaya a cikin saƙo. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.